Mai Jita na Biyu

A shekarun da nake tuƙa motar kamfanin gini, kullum da safe nakan kwashi ma'aikata daga unguwar Misfala in kai su unguwar Shisha. Kujerar gaba ta wani dattijo ce ɗan Nijar, mai haɗa wayoyin lantarki. Ba ya hira. Kawu nake ce masa.

Wata safiya a cunkoso, gilasai a rufe, na kunna kiɗan wata ƙungiyar 'yan jita ta hamada, wadda Turawa suka ɗauka suka zaga duniya da ita a matsayin masu kiɗan Turawa na rok. Kawu ya miƙa hannu ya kashe.

Na ce, "Afuwan, Kawu. Saboda muna gari mai tsarki ne?"

"A'a. Jitar da ke bi ta ƙasa, hannuna ne."

Na yi dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

Labarin a gutsure ya zo, sai da ya ci makonni. Su biyar suka fara, da batirin mota da lasifika guda, suna kiɗa a gidajen biki. Tsirkiya in ta tsinke, wayar birkin keke suke ɗaurawa. Ya ba ni labarin ranar da aka fara sa su a rediyo, da ranar da suka tsaya gaban taron Turawa, sanyi ya sandarar masa da yatsu, shugabansu mai waƙa ya juyo ya harare shi a bainar jama'a. Daga nan suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Ana gobe za su wani biki mai nisa Kawu ya ce ba ya zuwa. Mai gangarsu ya zauna a mazaunin Kawu, bayan direba. Motar ta kife a yashi, kuma mai gangar kaɗai aka rasa.

"Ba wanda ya ce laifina ne," in ji shi. "Amma ba wanda ya gaishe ni a wurin zaman makoki."

Sauran ma ba su wanye lafiya ba. Ɗaya ya makance, ɗaya ya shiga hamada ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sunan ƙungiyar dai yana nan, matasa ke riƙe da shi.

Wata ranar Laraba aka kira shi a waya muna hanya. Na ga ya dafe gwiwa. Shugaban nan ne ya zo Umra, ba shi da lafiya, yana wani masauki a Misfala, ya ce a nemo masa Kawu. Kwana uku Kawu yana cewa gobe. A na huɗu, bayan La'asar, ya ce in kai shi.

Na jira a bakin titi, masu ihrami suna wucewa ta gefen motar. Bai yi minti ashirin ba ya fito. Ya shiga, ya kasa rufe ƙofa sai da na miƙa hannu na ja masa.

"Kun gaisa?"

"Ya rungume ni yana kuka. Amma da sunan mai gangar yake kirana. Ya ce ya san ban mutu ba. Ya ce wancan da ya ƙi zuwa, shi ne ya kamata a binne."

"Ba ka faɗa masa ba?"

"Na ce masa na yafe. Ban san a madadin wa na faɗa ba."

Na kunna mota. Masaukin Kawu layi biyu ne daga nan, amma ya ce in kai shi unguwar Zahir, wurin wani ɗan garinsu. Ya yi sati yana zuwa aiki, yana cewa ba ya iya barci. Ranar Lahadi na tsaya inda na saba ɗaukarsa, na yi ta hon. Abokin ɗakinsa ya leƙo ta taga ya ce Kawu ya karɓi fasfonsa ya bi jirgin masu Umrar da shugaban ya zo tare da su, wai zai riƙa yi wa mara lafiyar jinya. Na tambaye shi da wane suna ya ji masu Umrar suke kiran Kawu. Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, don ba da sunan da muka sani ba ne.