Ranar da Iya ta ari idona don rina kore

Shekarun baya, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, aka tura ni hutun damina daga Ƙanƙara zuwa wajen kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye kusa da Daudawa. Iya muke ce mata. Mahaifiyata tana da tsohon ciki a lokacin, ni kuwa ba wani abin kirki nake tsinanawa a gida ba, sai zama a lungu ina kallon mutane.

Iya tana da wata al'ada. Duk jikan da za a haifa mata, ita ke saƙa majanyin da za a goya shi, fari mai ratsin kore a gefe biyu. Ita ke kaɗa audugar, ita ke rina zaren. Amma a shekarar yanar ido ta rufe mata gani, yatsunta kuma sun daina juya mazari. Zaren da ya rage a ƙwaryarta shi ne na ƙarshe da ta kaɗa, ita ma ta san haka. Saƙa tana iya yi da lalube. Launi ne ba ya lalubuwa.

"Zo nan, 'yar boko," ta ce da ni. "An ce ba ki magana, amma ko allura ta faɗi kin gan ta. To ara mani idon nan."

Ni a zatona daga ɗanyen ganye ake samun kore. Har na ciko ɗankwalina da zogale na kawo mata. Ta shafa ta ji, ta ce, "Kwaɗo za mu yi?" Sannan ta yi mani bayani. Ganye a jikin bishiyarsa kawai yake kore, in ya shiga tukunya sai ya ba ka ruwan ƙasa. Kore sai an haɗa biyu: a fara tsoma zare a ruwan baba ya yi shuɗi, sannan a dafa shi da saiwar rawaya. Amma shuɗin ya zama mai haske, kamar sama da hantsi. In ya yi duhu, rawaya ba za ta fito ba, kuma ba a mayar da shi baya.

Tukunyar baba ta yi kwanaki a bayan rumbu tana jiƙe da ruwan toka, kumfa mai sheƙi ta taru a samanta. Iya ta ware farin da za ta saƙa jikin majanyin, ta raba sauran zaren biyu, ta ajiye rabi, ta tsoma rabi. Da ta ɗago shi sai na ga ya fito kore-kore, iska na taɓa shi yana juyewa shuɗi daga gefe zuwa ciki. A tsomi na biyu ya yi daidai yadda ta kwatanta. Na gani sarai.

Sai ga matar kawuna da faifai a hannu. Ita rinin zane mai duhu ta saba gani. Ta leƙa ta ce, "Iya, wannan ai bai ji ba. Ƙara tsoma shi."

Iya ta juyo da fuskarta wajena. "Ke mi kika gani?"

Babba ta riga ta yi magana. Yaya zan ce ba haka ba a gabanta? Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne." Aka tsoma na uku, aka tsoma na huɗu, ina kallo.

Washegari muka daka saiwar rawaya, muka dafa zaren a ciki. Ya fito baƙi-baƙi, sai ka ɗaga shi a rana za ka hangi ɗan kore a ɓoye. Iya ta kai shi bakin ƙofa, ta kara shi daf da idonta, ta daɗe a haka. Ba ta tambaye ni ba, ni na fashe da kuka na faɗa mata.

"Tun a tsomi na biyu kin gani?"

"Na gani, Iya."

"Ni ban gani ba. Matar kawunki ta gani, ba ta sani ba. Ke kin gani, kin sani, kin yi shiru. To a cikinmu wa ya ɓata zaren?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da dukana ta yi, da ya fi mani sauƙi.

Saura rabi. In shi ma ya lalace, ƙanena zai zama jika na farko da aka goya ba koren Iya. Bayan kwana biyu muka koma bayan rumbu. Matar kawuna na nan, har kawun kansa yana gyaran fartanya a kusa. Aka yi tsomi na ɗaya, aka yi na biyu. Iya ba ta tambayi kowa ba, ta sake nufar bakin tukunya da zaren.

"Iya, tsaya! Ya isa!"

Ni kaina ban gane muryata ba. Kaji suka watse. Matar kawuna ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, ashe da baki a fuskar nan!" Iya ta miƙo mani zaren in shanya. Da ya fito daga rawaya, korensa kamar gero sabon tsiro.

Rabin bai isa gefe biyu ba. Iya ta ƙi yar da mai duhun, ta ce shi ma kaɗinta ne. Haka ta saƙa majanyin, gefe ɗaya kore, gefe ɗaya duhu, haka aka goyi ƙanena da shi. Ba ta sake saƙa wani ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan ta.

Har yanzu ina da kunya, a aji ma sai malami ya kira ni nake magana. Amma na gane akwai shirun ladabi, akwai kuma shirun da yake cin amanar wanda ya dogara da kai, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Majanyin yana cikin akwatin mahaifiyata. Duk baƙuwar da ta gan shi ta tambayi me ya sa gefen biyu suka bambanta, sai mahaifiyata ta nuna ni ta ce, "Ga mai amsar nan." Ni kuma ina faɗa, tun daga farko, ba na rage komai.