Kaset ɗin Inna

Wata Juma'a ce da la'asar, a daminar da na shiga aji uku, bidiyon gidanmu na Gusau ya cinye kaset ɗin Inna, mahaifiyarmu. Muna zaune a tabarma, ni ina tsince shinkafa, matan maƙwabta sun cika ɗaki, sai fuskar 'yar wasan Masar da ke cikin fim ɗin ta karkace, muryarta ta shaƙe. Inna ta miƙe da zani a hannu tana salati kamar an aiko mata da rasuwa.

A Sudan aka haifi Inna, cikin Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka. Babanmu ya auro ta ya kawo ta garin da ba ta da kowa. Hausarta ta iya, amma da Larabci take mafarki, kuma duk unguwar babu mai yi mata irin Larabcin kasuwa da tsakar gida sai wannan mata ta cikin kaset. Inna ta san tarihinta kaf: tun tana ƙaramar yarinya ta fara fim, ta girma a idon jama'a, kullum ita ce 'yar ƙauyen da aka zalunta. "Wannan ba wasa take ba," in ji Inna, "kukan gaske take."

Yadda ake gyara a lokacin, a zaro zaren, a yanke inda ya tauno, a liƙe da janfarce, a naɗe da biro. Haka aka yi ta yi. Kowane gyara sai wani wuri na fim ɗin ya tafi, yau bakin kogi, gobe tashar jirgin ƙasa, har mai gyaran rediyo ya ce babu sauran abin liƙewa.

To ni Allah ya ba ni kunne, ko da boko bai zauna mini ba. Na haddace maganganun matar nan tsaf, har da shessheƙarta, ban san ma'anar ko ɗaya ba. In Inna na tankaɗe sai ta ce, "Yi mini na bakin kogi, 'yar nan." In yi, ta amsa mini da Larabci, doguwar amsa, ni kuwa in tsaya zuru. Sai ta ci gaba da tankaɗenta. Da aka yi mini aure, ba a ƙara jin Larabci a gidan ba har ta rasu.

Yanzu ina garin Largo, can ƙasar waje, wajen 'yata mai aikin asibiti. Ita ta gaya mini 'yar wasan ma ta daɗe da rasuwa, ta buɗo mini fim ɗin a waya, garau, babu inda aka yanke. Ban iya ƙarasa shi ba. Nan wuni nake ƙofa a rufe, in yi wa jikokina Hausa su amsa da Turanci, in bi su da ido. Ashe Inna ba kallo take yi ba, abokiyar hira take nema.