Tankin da Ya Fi Ƙofa Faɗi

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni fitar da tanki daga tsohon gidan ƙanƙara na Yelwa ba. Shekara guda ke nan da ƙirƙiro Jihar Kebbi, ina heluma, wato shugaban leburori, a sashen gyare-gyare. Lokacin ana rabon kaya tsakanin tsohuwar jiha da sabuwa, sai takarda ta zo daga hedkwatarmu cewa ginin namu ne, amma tankin man gas da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa rabon tsohuwar jiha ne. A fitar da shi cikin mako biyu.

Muka sauka da leburori shida, muka auna. Faɗin tanki ƙafa bakwai, ƙofa ƙafa uku. Ashe Turawan da suka yi ginin, tankin suka fara ajiyewa, sannan suka gina ɗaki a kansa.

Na koma wurin maigidanmu, Injiniya Bawa, na faɗa masa.

"Ranka ya daɗe, ko a fasa bango, ko a yanka tanki."

Ya duba takarda. "Bango namu ne, ba a taɓa shi. Tanki nasu ne, lafiyayye za a ba su."

"To ta ina zai fita?"

"Takarda ba ta ce ta ina ba, Garba. In mako biyu ya cika yana ciki, kai za ka amsa."

Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, ga jita-jitar rage ma'aikata. Kwana uku muna jan tankin da igiya zuwa bakin ƙofa, kamar zai ji kunya ya tsuke.

Daga ƙarshe na nemo Yohanna mai walda, wani Bakambare da ke gyaran injinan jiragen ruwa a bakin tafki. Ya zagaya tankin, ya shinshina bakinsa, ya ce, "Malam Garba, in na yanka shi huɗu, na haɗa a waje, wa zai ce ba lafiyayye ba ne?"

Ga wanda bai sani ba, tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari, don tururin da ke ciki ke fashewa. Muka kwashe guntun man, muka wanke da garin sabulu, muka cika shi da ruwan tafki, bokiti-bokiti. Da Yohanna ya kunna wuta, leburorina duk suka tuna suna da uzuri a waje. Ni kaɗai na tsaya tare da shi.

Kwana tara muka gama. Tanki ya tsaya a fili, an shafa masa baƙin fenti. Injiniya ya zo ya gani, bai tambayi komai ba.

Washegari wata takarda ta iso. An sake nazari, tankin ɓangaren gini ne, saboda haka namu ne. A bar shi inda yake.

"Ku mayar," in ji Injiniya.

Yohanna bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Inda na yanka zan sake bi, ko sabon wuri kuke so?"

Muka yanka, muka saukar, muka haɗa a ciki.

Bayan wata guda mai bincike ya zo daga hedkwata, riƙe da takardar farko, don ta biyun ba ta shiga fayil ɗinsa ba. Ya sauka, ya tarar da tanki daram a mazauninsa. Ya rubuta mini takardar tuhuma: in bayyana dalilin da ya sa ban ko taɓa shi ba.

Na kai wa Injiniya. Ya karanta, ya ce, "Rubuta cewa ƙofa ta yi ƙanƙanta."

Haka na rubuta, aka karɓa, aka rufe magana.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, abin da na koya shi ne: mai rubuta umarni bai taɓa auna ƙofa ba. Ku auna da kanku, ku wanke tanki kafin a sa masa wuta, kuma in kun gama aiki da wuri, ku jira takarda ta biyu kafin ku sallami mai walda.