Kwatancen Mai Faci

Inda mai faci yake zaune ba gari ba ne, ko ƙauye ma sai an yi masa kara. Gida goma sha uku ne, rijiya ɗaya, da injin niƙa mai aiki ran da ya ga dama. Hukumar gabas ta ce na yamma ne, ta yamma ta ce ba ta san da zamansu ba. Ko allo babu a bakin titi.

Shekara arba'in ya yi a mararraba yana facin taya, duk wanda ya ɓata shi yake tambaya. Amma kwatancen nasa, sai dai Allah ya kyauta! Zai ce ka karya kwana wajen tsamiya, alhali an sare ta tun haƙoransa na cike. Shi dai har gobe ganinta yake a wurin.

Ran da 'yarsa ta fari ta ce ga ta a hanya, bayan shekara goma sha tara a nesa, murna ta hana shi zama. Can sai ta sake bugo waya.

"Baba, direba ya ce taswirar wayarsa ba ta san wurin ba."

"Ina ruwanki da taswira? Ki wuce tsamiya, sai gadar katako, sai shagon tela."

"Babu tsamiya, Baba. Gadar ma ta siminti ce. Sau uku ke nan muna zagayowa."

Telan ma ya rasu bara waccan, an rushe shagon. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rasa abu guda da ta sani wanda yake nan har yanzu. Tsoro ya kama shi, kada ta gaji ta juya.

Sai ya tuna saura abu ɗaya: shi kansa. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki sanda, ya je ya tsaya a mararraba cikin rana.

Mota ta zo ta tsaya, direba ya leƙo. "Sannu dattijo. Don Allah ina ne gidan mai faci?"

'Yarsa tana zaune a baya. Ta gaishe shi da ladabi, idonta na kan hanya tana neman abin da za ta gane.

Ya ɗaga hannu ya nuna musu. Suka yi godiya suka wuce, shi kuma ya bi bayansu a ƙafa, yana ta tunanin da wace fuska zai yi sallama a ƙofar gidansa.