Mushe Lawali da kwalaben irinmu

Da safen nan labari ya iske ni ina shara: Mushe Lawali ya rasu a Magarya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban gama kuka ba na ga tsohon diraktanmu ya rubuta ta'aziyya a shafinsa, wai "aikinmu na Laraba". Aikinku? Kai da wa?

Ga wanda bai sani ba, Mushe Lawali (Mushe muke ce wa malami a nan) malaminmu ne a kwalej can wajen Guci. Laraba da yamma ba a karatu, shi kuwa sai ya buɗe mana kilas ya ce kowa ya zo da abin da yake son ganewa da kansa. Ba maki, ba bulala. Wani ya kwance rediyo, wata ta bi masu rini.

Ni tsofaffin irin gero na zaɓa. Gida-gida na bi kakanni har Mallawa, wannan ta ba ni zango, waccan ba'angure, wata ta kwance wanda ta gada wurin uwarta. Kowane da kwalbarsa da toka da sunan mai shi.

Kwalaben ma Mushe ne ya tsinto mini, ya wanke da hannunsa.

Da za a zo duba lakwal, wato makarantarmu, dirakta ya leƙo ya ce wannan ba ya cikin furogiram ɗin karatu, kilas ba rumbu ba ne. Ya juye kwalaben duka a kwano ɗaya ya watsa wa kajinsa. A idonsa gero gero ne. Mutumin da aka haifa a gona, wallahi.

Biyu daga cikin kakannin nan, har da Iya Tabawa, sun rasu kafin damina, kuma babu mai irinsu.

Mushe ya yi magana, aka tura shi wani ƙauye bayan Dungass. Malaman da suka yi gum ranar, yau su ne da dogon rubutu. Ina karanta ku ɗaya bayan ɗaya, kuma ban manta fuskar kowa ba.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwar Guci ne, ya rame ƙwarai. Ya zaro ƴar kwalba daga aljihu. Ashe ranar ya durƙusa cikin kaji ya tsince abin da ya gane, kuma duk shekara yana shukawa bayan ɗakinsa.

Ya ce, "Hadiza, na Iya Tabawa ne. Kada ki ajiye shi don tunawa da ni, ki shuka."

Na ce sai ya warke mu shuka tare. Dariya kawai ya yi.

Dirakta, ka goge rubutun nan. Ba ka da ƙwaya ɗaya a ciki, kajinka sun cinye rabonka.

Ruwan farko zan shuka, in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan Mushe Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowace zangarniya ta zame masa sadaka mai gudana. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya roƙa mini Allah ya sa irin nan ya tsiro.