Tawadar Malam

Shekarar da nake digiri na biyu, duk gidanmu a Rano ba wanda ya san abin da nake karanta. In an tambayi mahaifiyata sai ta ce gawayi nake ƙonawa a jami'a, kuma ba ta yi ƙarya ba. Roba muke narkarwa mu ja ta zare, siriri har ido ba ya ganinsa, mu gasa a tanderu ya koma baƙi ƙirin. A jikin zaren akwai 'yan ramuka da ke riƙe iskar haidurojin, wadda ake fatan wata rana ta tuka mota maimakon fetur.

Na sha wuya kafin na samu wanda ya yi kyau. Injin ya lalace, wuta ta yi ta ɗaukewa, daga ƙarshe na tsira da ɗan gari a ƙaramar kwalba. Saura awo kawai in rubuta sakamako in fita. Don tsoron ɓarayin ɗakin gwaji na taho da ita gida hutu, har na kai ta ƙauyen Fammar wurin kakana, in yi masa burga. Na ce masa wannan ce jarrabawata gaba ɗaya. Ya ɗaga ta a rana, ya ce kuɗin makaranta dai sun tafi a banza, ko tukunyar kakata ta fi ni iya baƙi. Na bar ta a kan buzunsa na shiga gaishe-gaishe.

Da yamma ya kira ni ya miƙo min ƙoƙon rubutu, ya ce in yi bisimilla. Tun ina ƙarama ba na shiga jarrabawa sai na sha, don haka na shanye tas. Na ji tsaki-tsaki a harshena. Sai na hango kwalbar a gefen allo, an wanke ta fes, ga ƙaron haɗa tawada a kusa.

Na buɗe baki in yi masifa, na ga yana murmushi, yatsunsa duk baƙi. Wuni ya yi yana rubutun da idon da ba ya gani sosai.

"Na haɗa da abin naki, don ya san mai shi," in ji shi. "Bana, amarya, ba mai kayar da ke."

Na ce, "Amin, Malam."

Bana ɗin ban gama ba, sai baɗi. Har ya rasu yana zaton malaman jami'a ne suka yi min hassada, ni kuwa na taya shi zaginsu.