Laifin Kai Yaro Tasha

Shekarun baya, wana da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya tsaya a tsakar gidanmu na Bagadaza, gaban mata da baƙin da suka zo barkar haihuwa, ya ce ni na lalata ɗana da hannuna. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a gidajenmu.

Ga yadda abin ya faro. Ni mai faci ne, boko kuwa a aji biyu na sakandare muka yi sallama. Lokacin da garin nan yake cikin tashin hankali, ana sauke mutum daga babur ya tura a kowane shingen jami'an tsaro, wata rana na ɗauki yarona na tafi tasha karɓo saƙon tayoyi. Shekararsa biyu da 'yan watanni. Uwarsa na fama da laulayi, na ce bari in rage mata ɗawainiya. Mun fito ke nan, ba mu yi nisa ba, bam ya tashi a bayanmu. Ko ƙwarzane ba mu samu ba. Na rungume shi na yi ta gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Tayoyin har yau ban san wanda ya ci gadonsu ba.

Daga ranar kowa ya sa wa yaron ido. Sai aka ga in an kira sunansa ba ya juyowa. Ba ya kallon mutum cikin ido, ba ya magana. In maƙwabta suka tada injin niƙa sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. In ƙishirwa yake ji ba zai nuna ba, hannunka zai kama ya ja ka ya ɗora a kan randa.

Da matata ta haihu, ranar barka Hamma ya kira yaron sau uku bai waiga ba. Sai Hamma ya juyo kaina.

"Wane mai hankali ne zai kai ɗan mitsitsin yaro tasha a irin wannan lokaci? Yaro lafiyayye, ka kai an firgita masa ƙwaƙwalwa. Kai ka lalata shi."

Ni ma abin da na yarda da shi ke nan. Shekara biyu ina ɗauke da maganar nan. Babu rubutun da yaron bai sha ba, babu hayaƙin da ba a turara masa ba. Wasu suka ce ƙarar ce ta kurmantar da shi. Kurman da in an buɗe ledar biskit a ɗakin ƙurya shi ke fara isowa.

Rannan wata mata ta kawo facin tayar motarta. 'Yar ƙabilar Ibo ce, malamar makarantar ƙananan yara a Gabukka, Hausarta ta fi tawa gyara. Yaron yana gefen rumfa ya kife wani tsohon keke yana juya tayar, ya ƙura mata ido. Ta daɗe tana kallonsa, ta tafa hannu, ta yi masa magana, bai san tana yi ba.

"Oga, ya taɓa nuna maka abu da yatsa, kamar jirgi ko akuya, don ku kalla tare?"

Na ce, "Madam, faci kika kawo ko bincike?"

"Ka yi facinka, ni ma aikina nake yi. Na taɓa koyar da yara irinsa. Ka kai shi wajen likitan yara, ka tafi da uwarsa."

Na ce mata bam ne, mun riga mun sani. Ta ce, "To, ka je a faɗa maka da bakin asibiti."

Sai da na yi wata guda ina gardama da kaina kafin muka je. Aka gwada kunne, lafiya lau. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta bar ni na zuba labarin tasha tun daga farko har takalmin. Ta ce, "Sannu, na ji. Kafin ranar fa?" Ta juya wajen matata. "Yana juyowa in kin kira shi? Yana ɗaga miki hannu in za ki fita? Yana kallon fuskarki in kina yi masa wasa?"

Matata ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "A'a. Tun yana rarrafe haka yake." Sai kuka.

Likitar ta ce sunan abin otizim, wasu na ce masa galahanga. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa, tana ɗaukar duniya ta wata hanya daban da tamu. Ba firgita ce ta kawo shi ba, ba aljani ba, ba kuma laifin uwa ko uba ba. Babu allurar da ke cire shi, amma yaro yana koyo in an bi da shi yadda yake ganewa.

Da muka koma gida na ce wa matata, "Kin sani, kika bar ni ina cin kaina shekara biyu?"

Ta ce, "In ba bam ba ne, ni za a ce. Za a ce daga cikina ya fito da shi, a ce jinin gidanmu ne. Ka san bakin Hamma."

Kwana uku ban ci tuwonta ba. Rana ta huɗu yunwa da gaskiya suka haɗu suka kayar da ni. Na san bakin Hamma. Ni namiji ne, abin ya tsaya a zagi. Da ita ce, da wataƙila an sa ni a gaba sai na kore ta.

Muka bi abin da aka koya mana. Magana gajera, ɗaya bayan ɗaya. In za mu je wani wuri a faɗa masa tun da wuri. In za a tada injin niƙa maƙwabciyarmu ta leƙo ta sanar, a shigar da shi ɗaki. Yana da shekara shida ya ce "ruwa". Yau ya zama saurayi, maganarsa ba yawa, kofinsa ɗaya ne ba ya shan ruwa a wani, kuma gida ba ya yi mini daɗi in ba ya nan. Abin da na gane shi ne, da muka samu bam muka rataya masa laifi, sai muka daina kallon yaron kansa. Duk mai ƙaramin yaro da ba ya amsa suna, ba ya nuni da yatsa, ya kai shi a duba tun da wuri. Kada ya tsaya neman mai laifi kamar mu.

Hamma kuwa na daɗe ban tanka masa ba. Sai wata rana tayar babur ɗinsa ta yi faci ya turo rumfata. Na zaro tub ɗin cikin tayar, yaron ya tsoma shi a ruwa, ya ɗora yatsa daidai inda kumfa ke fita, ya miƙo mini. Hamma ya yi dariya ya ce, "Ashe ya fara warkewa daga firgitar nan da ka jawo masa."

Na gama facin tsaf, na ɗaura taya, na ba ta iska, sannan na miƙe na dube shi.

"Hamma, bai warke ba, don ba ciwon da ka ce ne da shi ba. Ba bam ba ne, ba ni ba ne, ba uwarsa ba ce. Haka Allah ya ba ni shi. Ka sa na yi shekara biyu in na kalli ɗana ƙarar tasha nake ji. Na yafe maka, ko da yake ba ka nema ba. Amma daga yau in ka zo, ka gaishe shi da sunansa, ka tsaya ka jira. Zai amsa in ya shirya. In ba za ka iya jira ba, akwai wani mai faci a gaba."